Wuƙar aljihu don daren ambaliya: wacce za ka saya, me za ka gyara a jikinta?

Ɗan yayata ne ya shigo shagona na ɗinki a unguwar Nima, cikin Ankara (Accra) babban birnin Gana, ranar wata Asabar, yana ta murna, ya ɗora wata wuƙa a kan teburin yanka. Baƙa ce wuluk, bayanta da haƙora kamar na kada, an zana ƙoƙon kan mutum a jikin ƙotar. Ya ce, "Kawu, na fara haɗa jakar ko-ta-kwana da kake ta faɗa, ga wuƙa na samo wajen masu talla a dandalin Circle." Na buɗe ta, na kama ruwan wuƙar da yatsu biyu na girgiza, sai ga shi yana rawa kamar haƙorin tsoho. Na miƙa masa igiyar roba irin ta shanya na ce ya yanke. Sai da ya yi ta gurzawa kamar mai goga ashana a damina kafin ta rabu.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma irin tata na riƙe a daren Laraba 3 ga Yuni, 2015, lokacin ina haya a unguwar Alajo. Daren da kogin Odaw ya cika ya batse, wuta kuma ta tashi a gidan mai na Circle, mutum sama da 150 suka rasu. Ruwa ya shigo mana ɗaki har gwiwa, ba wutar lantarki, ina so in yanki igiya in ɗaure katifa da kan keken ɗinki a jikin katakon rufi. Wuƙar da na ajiye a aljihun jaka tun bara, marar suna, ta kasuwa, tsatsa ta riga ta kama mahaɗinta. Da farce na fara, farcen ya karye. Da haƙori na ƙarasa buɗe ta, ina riƙe da tocila a hammata. Da na danna ta a kan igiyar kuma sai ta naɗo ta dawo kan yatsana, har yau tabon yana nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni a daren nan da ruwa a ɗaki nake fafe nawa.

To, aikin me wuƙar nan za ta yi? Mu bar abin da ake gani a bidiyon Turawa masu kwana a daji suna faskare itace da 'yar wuƙa. Mu a Ankara ko Kumasi, masifar da ke zuwa mana ambaliya ce a watan Yuni, gobarar kasuwa irin ta kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Janairun 2025, haɗarin mota a hanya, da ɗauke wuta na kwana da kwanaki. A cikin waɗannan, wuƙa igiya take yanka, da leda, da tamfol, da gidan sauro idan ya nannaɗe yaro, da bel ɗin mota, da zane idan za a ɗaure rauni. Tana buɗe gwangwanin kifi, tana fere rogo. Ba ta ɓalle ƙofa, ba ta karya ƙarfen taga. Wannan aikin ƙarfen ɓamɓare ƙusa ne da adda, kuma wanda ya sa wuƙar aljihu a ciki zai tashi ba tsini. Saboda haka ruwan wuƙa mai tsawon santimita 7 zuwa 9 ya wadatar. Abin da ya wuce haka nauyi ne kawai da jan idon ɗan sanda.

Maganar ɗan sanda ba wasa ba ce. Dokar manyan laifuka ta Gana, ta 1960, ta hana mutum yawo da makami a bainar jama'a ba tare da izini ba, kuma kai ne za ka yi bayanin dalilinka. Mu 'yan zango mun san yadda ake kallon saurayinmu idan aka tsayar da trotro, motar haya, ana bincike. Wuƙa mai ƙotar katako ko jar roba, a cikin jaka tare da tocila, ashana da bandeji, kowa ya gani ya san kayan aiki ce. Mai hoton ƙoƙon kai a aljihun wando kuwa, ko limami ne kai sai ka sha tambaya.

Bari in fara da wadda kakanninmu suka sani, Okapi. A Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902, don kasuwar Afirka, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ƙotar katako ce, da adon wata da taurari a jiki, da zobe a baya wanda kake ja kafin ta rufu, tana ƙara ƙaras-ƙaras idan ana buɗe ta. Ƙarfenta baƙin ƙarfe ne mai ɗan taushi, kuma wannan taushin alheri ne ga sabon shiga: ko a gindin kofin tangaran ka goga ta za ta ɗauki kaifi. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, idan ta faɗa kwata ba za ka yi zaman makoki ba. Aibinta uku. Yawanci ba ta zuwa da kaifin kirki daga kanti, sai ka zauna ka wasa ta da kanka. Sannan baƙin ƙarfe da iskar teku ba sa ga maciji. A Ankara, inda ko makullin ƙofa yake tsatsa, Okapi da aka manta a jaka wata uku ba mai za ta fito ja. A Kumasi gishirin teku babu, amma laimar damina tana nan daram. Rufe Okapi kuma yana son hannu biyu da natsuwa, don yatsa yana kusa da hanyar kaifi lokacin da kake jan zoben. Mahauci ko mai tsire, wanda kullum wuƙa tana hannunsa tana shan kitse, Okapi ta ishe shi. Wanda zai ajiye ya manta, ba tasa ba ce.

Masu zuwa Lome da Abijan sukan shigo da Douk-Douk, 'yar Faransa tun 1929, wadda ƙotarta falle ƙarfe ne da aka naɗe. Siririya ce ƙwarai, tana kaifi kamar aska, amma ba ta da makulli, sifirin ne kawai mai ƙarfi yake riƙe ta, ita ma kuma baƙin ƙarfe ce. Ina son ta, sai dai ba zan ba sabon shiga ita a cikin duhu da jiƙaƙƙen hannu ba.

Opinel ce na fi daɗewa a kanta, don ita ce aka fi iya gyarawa a gida. Ita ma daga Faransa take, daga yankin Savoie mai duwatsu, Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890. Lamba-lamba ce, kuma lamba 8 ita ce daidai aljihu: ruwanta santimita 8.5, nauyinta bai kai giram 50 ba. A wuyanta akwai zoben ƙarfe, wanda aka ƙara mata a 1955. Idan ka buɗe sai ka murza shi, ya tare ruwan wuƙar ba zai dawo ba. Na yanzu suna kullewa ko a rufe, abin da ke da amfani a gidan da yara suke bincike jaka. Ba sifirin a cikinta ko ɗaya, saboda haka babu abin da zai karye ko ya fizgo ta kan yatsa. Ruwanta siriri ne, shi ya sa take ratsa igiya da albasa fiye da wuƙaƙen da suka ninka ta kuɗi sau biyar. Iri biyu ake yi, kuma a rubuce yake a jikin ƙarfen: Carbone baƙin ƙarfe ne, Inox shi ne marar tsatsa. Masana wuƙa za su ce maka baƙin ya fi daɗin wasawa, gaskiya ne. Amma jakar da za ta yi wata shida a rataye a ɗakin da bangonsa yake tsattsafo da ruwa, Inox take so, ba gardama.

Matsalarta sananniya ce, kuma ta shafe mu kai tsaye: katako ne, katako kuwa yana shan ruwa ya kumbura. Idan ƙotar ta jiƙa sai ta matse ruwan wuƙar ya ƙi fitowa. Mutanen Savoie suna da dabara, su buga gindin ƙotar a kan tebur, tsinin ya ɗan leƙo, su kama. Dabarar tana aiki, amma wuƙar ambaliya da ke ƙin buɗuwa idan ta ga ruwa tana bukatar magani tun kafin ranar. Ga yadda na yi wa tawa. Na shanya ta a buɗe a rana kwana biyu lokacin hunturu, har katakon ya bushe ƙayau. Na naɗe 'yar samfefa mai laushi biyu, na zura cikin tsagar kusa da mahaɗi, na goga kaɗan kaɗan ina gwadawa, har ruwan wuƙar ya riƙa fita ba tare da na yi ƙoƙari ba amma bai zama sakwaf ba. Daga nan na narka kakin zuma a murfin gwangwani a kan wuta marar ƙarfi, na tsoma kan ƙotar na ɗan lokaci, na bar katakon ya sha, na goge. Kyandir ma yana yi. Zafin narkakken kaki bai kai ya taɓa ƙarfin ƙarfe ba, don haka kada ka ji tsoro, amma kada ka kai ta kan harshen wuta. Bayan haka na jefa ta a bokitin ruwa na je na yi sallar la'asar na dawo. Ta ɗan yi tauri, amma ta buɗu da farce. Idan taka ba ta ci wannan jarrabawar ba, ka sake shanya ta ka maimaita.

Sai Victorinox, 'yar Suwizalan mai jar ƙota da farin gicciye, wadda Karl Elsener ya kafa kamfaninta a 1884. Ita a gaskiya akwatin kayan aiki ce da aka matse. Masu tsawon milimita 91 su ne aka fi gani, kuma a nan sunaye suna da muhimmanci, don kowane da abin da ke cikinsa. Spartan ba zarto ba almakashi. Camper da Hiker suna da zarto. Huntsman da Fieldmaster suna da zarto da almakashi duka. Bambancin da ke tsakanin kowane biyun nan shi ne abin da ke baya: Camper da Huntsman suna ɗauke da murɗaɗɗen ƙarfen cire toshiyar kwalbar giya, Hiker da Fieldmaster kuwa sukudireba mai baki huɗu. Mu dai ba kwalbar da za mu buɗe, kodayake na ga wani yana kwance ƙullin igiya da ya cije da murɗaɗɗen nan, kuma ya yi kyau. Ni Fieldmaster zan ɗauka. Zarton nan ƙarami ne a ido, amma yana yanka katakon silin da bututun roba da saurin da zai ba ka mamaki. Almakashin yana yanka bandeji da filasta ba tare da ka kai kaifi kusa da fatar mai rauni ba, ga mabuɗin gwangwani, ga basilla ta huda, ga matsefata ta cire ƙaya ko tsinken gilashi. Ƙarfenta ba ya tsatsa da wuri, robar ƙotar ba ruwanta da ruwa. Ba wanda yake tsorata idan ka fito da ita, ko a ofis.

Inda ta gaza: waɗannan ƙananan ba su da makulli. Idan ka soka tsini a abu mai tauri ka danna, za ta iya naɗowa. Wuƙa ce ta yanka da ja, ba ta suka ba. Ruwanta kuma gajere ne, kuma buɗe shi yana son farce da hannu biyu. Laka da yashi suna shiga tsakanin faifayenta, sai an wanke da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori. Ga tsada, ga jabu ya cika gari. Ta gaskiya, kowane ƙarfe a cikinta yana rufuwa da ƙara tsaf, ba ya gogar maƙwabcinsa, rubutun da ke gindin babban ruwan kuma a fili yake ba a dagule ba. Idan mai talla ya ba ka ita a kuɗin kwano biyu na waake, wato shinkafa da wake, ka san abin da ka saya. Araha ba ta ado.

Rukuni na ƙarshe su ne na zamani masu buɗuwa da babban yatsa, masu maƙali a jiki da ake soke su a bakin aljihu. Kamfanin Spyderco na Amurka ne ya yaɗa wannan salon tun 1981. Cikin masu sauƙin kuɗi da aka yarda da su akwai Ontario RAT 1, mai ruwa kusan santimita 9 da ƙarfen AUS-8, da Spyderco Tenacious mai rami a ruwanta inda yatsa yake shiga. Makullinsu wani falle ƙarfe ne a cikin ƙota da yake faɗawa bayan ruwan wuƙar idan ta buɗu. Fa'idarsu ɗaya ce amma babba: hannu ɗaya ya isa. Idan ɗayan hannun yana riƙe da yaro, ko da ƙarfen taga ruwa yana jan ka, babu Opinel ko Victorinox da za ta yi maka wannan. Direba, ɗan okada, mai aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya), su ne nake ce wa su duba nan. Amma RAT 1 ta ninka Opinel nauyi kusan sau uku, kamanninta sun fi kusa da makami, tana da sukurori da suke kwancewa, kuma a wannan rukunin ne jabu ya fi yawa, irin wadda ɗan yayata ya kawo. Ta kirki da wuya ka tsince ta a tebur a bakin titi. Yawanci sai an yi oda ko wani ya taho maka da ita. Tsohuwar Buck 110 ta 1964, mai makulli a baya da tagulla a kai da gindi, ƙarfi kam ba a magana, sai dai ta kai giram 200, kuma abin da ya yi nauyi a gida ake barin sa.

In an ce in zaɓa wa mutum ɗaya da bai taɓa riƙe wuƙar aljihu ba, kuɗinsa kuma daidai wa daida, Opinel lamba 8 Inox zan ce, da sharaɗin zai ba ta yamma ɗaya ya yi mata aikin kakin nan. Jakar gida da uwargida da manyan yara za su taɓa, Victorinox mai zarto da almakashi. Mai abin hawa, mai buɗuwa da hannu ɗaya, a ajiye inda hannu zai kai yana ɗaure da bel, ba a but ba. Wanda aljihunsa ya yi ƙasa, ya sayi Okapi ya riƙa shafa mata mai, ta fi baƙar wuƙar Circle sau goma. Kowacce ka ɗauka, gwada ta a gaban mai sayarwa: buɗe, kulle, girgiza ruwan hagu da dama, sannan ka kawar da yatsunka daga hanyar kaifi ka ɗan buga bayanta a kan katako. Idan makullin ya saki, ajiye masa kayansa.

Gyaran da ya fi kowanne shi ne kaifi, kuma wani dattijo mahauci a kasuwar Mamobi ne ya gyara mini hannu. Ya ga ina ta caccakar dutse da sauri, ya ce, "Malam tela, ba wanki kake yi ba." Ya karɓa, ya ɗiga ruwa a dutsen, ya kwantar da ruwan wuƙar ya ɗaga bayanta kaɗan, kamar rabin santimita, wato wajen digiri 20. Ya riƙa turawa a hankali kamar mai son yanko ɓawon dutsen, gefe ɗaya kawai, yana shafa ɗaya gefen da babban yatsa daga baya zuwa baki. Da ya ji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso tun daga gindi har tsini, sai ya juya. Ya gama ya goga ta a bayan bel ɗinsa na fata, yana ja baya-baya, sau goma sha wani abu. Na ce, "Baba, shi ke nan?" Ya ɗauki ledar fiya wata ya sake ta a kan kaifin, ta rabe biyu. In kana shakkar ko kana riƙe kusurwa daidai, shafa tawadar alƙalamin maka a bakin kaifin kafin ka fara. Inda tawadar ta goge, nan dutse yake ci.

Abin da zan hana ka shi ne injin gurza ƙarfe. Za ka kai wa mai walda a unguwar makanikai, Kokompe ko Suame Magazine, ya ɗora ta a dutsen lantarki, tartsatsi ya tashi, cikin minti ɗaya ya miƙo maka. Idan ka ga bakin ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa, zafi ya kashe taurin ƙarfen, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Ko tsini kake so ka rage, abin da nake ba da shawara ga wuƙar da za a yanka bel ko riga a jikin mutum da ita, yi da magagari da hannu, daga ta baya, kana tsoma ta a ruwa.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Huda gindin ƙotar katako, nesa da inda tsini yake kwanciya, ka zura igiya mai launi mai haske wadda za ta shiga wuyan hannu. A cikin ruwa mai laka, abin da ya suɓuce ya tafi ke nan. Ƙota mai santsi, ka ɗan kankare ta da samfefa mai kaushi, ko ka zura mata yankin tsohon tiyub na keke, amma ka tabbata bai toshe tsagar ba. Baƙar ƙota, naɗa mata salatif ja ko rawaya don tocila ta same ta. Sukurun da yake yawan kwancewa, ɗigon jan farce a kan zarensa kafin ka ɗaure yana riƙe shi. Yawancinsu bakin tauraro ne, kada ka cusa musu sukudireba na gama-gari ka cinye kan. Okapi da ta fara rawa, ɗora ƙusar mahaɗin a kan ƙarfe ka ɗan bubbuga da ƙaramar guduma, kana gwadawa bayan kowane bugu biyu. Baƙin ƙarfe kuma, yanka lemun tsami da shi ka bar ruwan ya zauna minti kaɗan, ka wanke ka shanya. Zai yi toka-toka, wannan dafin yana rage jan tsatsa, ko da yake bai ɗauke maka shafa mai ba. A mahaɗi ina sa ɗigon man keken ɗinki, tunda shi ne a gabana. A ruwan da zai taɓa abinci kuwa man kaɗe nake shafawa sama-sama.

Kada ka taɓa makulli da magagari, komai taurinsa. Kada ka kai wuƙa kan wayar lantarki a ɗakin da ruwa ya shiga, je ka kashe babban makunni tukuna. Idan tafiya ta jirgi ta taso, Hajji ko Umara, a babban akwati take shiga, in ba haka ba a filin jirgi za ka bar ta. Lambar gaggawa 112 kuma na rubuta ta da alƙalamin maka a cikin murfin jakar, don a ruɗe mutum yakan manta ko sunansa.

Ɗan yayata ya koma da baƙar wuƙarsa, mai teburin ya ƙi karɓa, sai ya bar ta a shago muna farke ɗinki da ita. Wani abokin sana'a da yake sayayya a Lome ya taho masa da Opinel bayan mako uku. Ranar da ya kawo ta muka shanya ta a kan kwanon shago, washegari muka narka kyandir biyu a murfin gwangwanin madara. Da ya jefa ta a bokiti sai ya tsaya a kai yana kallo, na ce ya zo ya taya ni guga, ruwan ba ya son a tsare shi. Bayan magariba ya ciro ta, ya share hannu a wando, ya sa farce. Sai da ya ɗan buga gindinta a tebur sau ɗaya. Na ce gobe a sake shanya ta, akwai sauran samfefa a aljihun keke.